A Mayar wa Malam Dantani Makullin Motar Lantarki

Zuwa ga Shugaban shirin da ya ba ƙungiyarmu motar lantarki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta Kende, a ƙaramar hukumar Bagudo. Na koyar da lissafi shekara talatin kafin in yi ritaya. Na ga kayan tallafi iri-iri sun zo da kiɗa da jawabi, sun ƙare a gindin bishiya, don haka na daina sa rai da komai. Sau biyu na rubuta maka ta ofis ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili. Maganata a kan direbanmu ce, Malam Dantani, wanda kuka dakatar kuka karɓe makullinsa, wai ya yi sakaci da motar, wato a-kori-kurar lantarkin da kuka ba mu. Ina cikin motar a ranar da abin ya faru, kuma ba wanda ya tambaye ni.

1. Wurin caji ɗaya gare mu, na sola, a ofishinku na Bagudo. Daga nan har iyakar Benin babu wani. Mai motar fetur in mansa ya ƙare zai samu a kwalba a bakin hanya. Mu ba abin da za mu saya.

2. Tafiyar da allon motar ke nunawa ta rage a batir, lissafin kwalta ne da mota ba kaya. Hanyarmu rairayi ce, ga zafin bazara. Kuma a nan ba a wuce tsohuwa da kaya a kai don allo ya ce nauyi ya isa. Kowa ya san motar ƙungiya ce.

3. A bazarar da ta wuce, wata Laraba, muka je wani ƙauye kusa da iyaka ɗauko tumatirin matan ƙungiya. Muka sauka gidan wani dattijo, ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da gasasshen kifi. Muna ci ya ce janaretansa ya mutu kwana huɗu, injin ban ruwansa na lantarki ya tsaya, albasarsa ta fara kwanciya. Ya ji an ce a bayan motarmu akwai soket na jona wuta. Bai roƙe mu ba, ya faɗa ne kawai, wanda a wurinmu ya fi roƙo nauyi. Malam Dantani ya ja ni gefe ya ce batirin ba zai mayar da mu gida ba. Ni na ce a jona. Na yi lissafi a kaina, ni malamin lissafi, na ce zai isa. Injin ya yi ta aiki tun hantsi har aka yi la'asar, maƙwabcinsa ma ya ja ruwa zuwa nasa fegin.

4. Lissafina bai yi daidai ba. Da kwando ashirin da fasinja biyar, motar ta rage gudu da kanta, ta mutu kafin garin Geza. Shanun noma suka ja ta zuwa cikin gari. Kwana biyu kafin ofishinku ya turo motar da za ta ɗauke ta, tumatirin kuwa ya narke a kwando. Matan sun yi kuka, amma ko ɗaya ba ta zagi Dantani ba, don sun san yadda aka yi.

Ban ce motar ba ta da kyau ba. Ba hayaƙi, ba ƙara, ta hutar da mu sayen fetur. Injiniyan da ya koya mana ita ma yaron kirki ne, ya faɗi abin da aka koya masa. Sai dai ya yi mana bayanin soket ɗin da alfahari, bai ce mana yana shan batirin tafiya haka ba. Malam Dantani kuwa yana da iyali tara, wata uku ke nan yana zaune a ƙofar gida. Motar tana ajiye a ofishinku ba mai tuƙa ta.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A kafa wurin caji ko ɗaya ne tsakanin garin Matsinkai da iyaka. A rubuta mana da Hausa abin da soket ɗin ke ci a awa. Sama da komai, a mayar wa Malam Dantani makullinsa. In dole sai an hukunta wani, a sauke ni daga sakatare, ba zan ja ba. Amma ku sani, duk direban da kuka kawo, in dai a ƙasar nan aka haife shi, ranar da ya ci abincin mutum ya ga gonarsa tana ƙonewa, zai jona.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka masu faɗa maka gaskiya, ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Sakataren ƙungiyar manoman rani, Kende.