Maganin da Ya Dawo Mini da Hannuwa Ya Cika Mini Kumatu

Zuwa ga Bu Sulastri,

Don Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki hanzarta, mako uku kacal ya rage mini. Na daɗe ina karanta wannan fili naki ina yi wa mutane dariya, yau ga shi ni ma na kawo nawa kukan.

Ni mai zanen batik ce, wato yi wa yadi ado da kaki kafin a rina shi, a garin Pekalongan na ƙasar Indonesiya, shekaruna hamsin da uku. Ina 'yar shekara tara mahaifiyata ta damƙa mini canting, ɗan cokalin tagullar nan, ta koya mini ɗibar narkakken kaki da hura bakinsa kafin a ja layi a kan yadi. Bara da damina yatsuna suka fara kumburi. Da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su tanƙwaru. Abin ya kai har mijina, Pak Kasno, shi yake saka mini maɓallan riga, ga shi da manyan yatsu, kullum sai ya tsallake ɗaya. Akwai wani yadi da na fara zana wa tsuntsaye, na naɗe shi na cusa a ƙasan akwati don kada in riƙa ganinsa.

Likita ta ce garkuwar jikina ce take faɗa da gaɓoɓina. Ta rubuta mini magani iri biyu. Ɗaya sau ɗaya a mako, ta ce yana jimawa kafin ya kama aiki. Ɗayan 'yan fararen ƙwayoyi ne, prednisone, kowace safiya. Bu, kwana huɗu! A rana ta huɗu na tsinci kaina ina matse kwakwa da hannuna, ban ma lura ba sai da madarar ta cika kwano. Na zauna daɓas a ƙasa ina ta dariya, Pak Kasno ya faɗo kicin a guje, ya zaci ƙonewa na yi.

Na ciro yadin nan, na gama shi cikin wata uku. Ƙungiyarmu ta masu zane ta zaɓe shi don baje kolin da za a yi a cikin gari, kuma an ce kowace mai zane za ta tsaya kusa da aikinta a ɗauke ta hoto. Shekara arba'in da huɗu ina wannan aiki, ba a taɓa rubuta sunana a ƙasan yadi ba sai bana.

To ga matsalar. Wata huɗu ke nan ina shan ƙwayoyin, fuskata ta zama kamar faifai. Wayata ma ta daina gane ni, sai na danna mata lambobi. Yunwa kuwa ba a magana. In ci shinkafa da megono, kwaɗonmu mai kwakwa da yaji, in ƙara, in bi da soyayyen tempe na waken soya da shayi mai sukari, kafin azahar cikina ya sake kira. Pak Kasno yakan ce, "Bune, uwargida, ki rage mini ko da ƙanzo ne, ni ma a gidan nan nake." Shi dai dariya yake yi, wai ya fi son matarsa da kumatu. Yu Darsih, wadda muke zama kusa da juna a wurin aiki, ta kalle ni ta ce, "Dik, ƙanwata, ko dai gado kika ci kika ɓoye mana?" Na yi dariya tare da kowa, amma da na koma gida na gwada kebayar, rigar gargajiyar da zan saka ranar, ta ƙi rufuwa.

Yanzu abin da ban gaya wa kowa ba. Makon jiya na daina shan ƙwayoyin kwana biyu, wai ko fuskar za ta saɓe. A rana ta uku jiri ya ɗebe ni a bakin murhun kaki, zuciyata tana tashi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na ce wa mijina zafin rana ne, na lallaɓa na ci gaba da sha. Yanzu tunanina in riƙa raba ƙwayar biyu har a gama bikin. Ai rabi ya fi babu, ko?

Sai abu na biyu. Mijin Yu Darsih siriri ne kamar sandar rake, ga ciwon gwiwa. Ta roƙe ni ƙwaya goma, wai ya yi ƙiba ya kuma miƙe. Ta kawo mini wani garin magani a ƙulle cikin leda, babu suna a jiki, ta ce yana sauke kumburi. Matar nan ita ta yi mini wanki wata biyu lokacin da ba na iya matse ko tsumma. Da wane baki zan ce mata a'a?

Taki,
Mai Kumatun Aro

*

Mai Kumatun Aro,

Barka da dawowar hannuwa, barka da yadi. Na yi dariya da na karanta labarin wayarki, amma da na zo wurin jiri sai dariyar ta tsaya.

Kada ki raba ƙwayar nan, kuma kada ki sake tsallake ko kwana ɗaya. Jikin mutum yana yin irin wannan sinadari da kansa, a wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda. Idan aka yi watanni ana ba shi daga waje, sai su kwanta su huta. In aka yanke maganin farat ɗaya, ba sa iya farkawa da sauri, jini ya faɗi, mutum ya yanke jiki. Na yi shekara ashirin da shida ina aikin jinya, na ga waɗanda aka kawo ranga-ranga a kan wannan. Jirin da kika ji gargaɗi ne, kuma kin yi sa'a. Idan ya dawo, ko amai ya hana ƙwayar zama a cikinki, ki wuce asibiti a ranar.

Ban ce damuwarki shirme ba ce. Mace ta jira shekara arba'in da huɗu a ga sunanta, dole ta so a ga fuskar da ta sani. Ki kai wa likitarki wannan maganar a makon nan, ki faɗa mata komai har da kwana biyun. Ba za ta cinye ki ba. Mai yiwuwa maganin mako-makon ya kama aiki yanzu, ta fara rage miki ƙwayoyin kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da ta gani. Kumatun suna sauka idan aka rage, amma a hankali. Ba zan yaudare ki ba, mako uku ba zai isa ba. Ki kai kebayar wurin tela ya buɗa ta.

Kafin nan, ki sha ƙwayar da safe bayan kin ci abinci, ya fi wa ciki sauƙi kuma ba ya cika hana barci. Gishiri yana tara ruwa a jiki, don haka busasshen kifi mai gishiri ya ɗan jira. Shayin ki rage masa sukari, tempen ki dafa maimakon soyawa, in yunwar hantsi ta taso ki tare ta da gwanda ko kokwamba. Ki roƙi a auna miki sukari da hawan jini, ki tambaya game da ƙarfin ƙashi da idanu, domin maganin yana taɓa su idan aka daɗe a kansa. Yana kuma rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da cuta. Zazzaɓi ko ƙunar kaki da ta ƙi warkewa ba abin zama a gida ba ne, kuma ki nisanci mai ƙarambau. Kada ki haɗa shi da maganin ciwon jiki na kanti sai kin tambaya.

Garin cikin leda kuwa, ki zubar. Wasu irin waɗannan ana cakuɗa su da irin maganin da kike sha, ba wanda ya san adadinsa.

Game da Yu Darsih, alherinta babba ne, amma ƙwaya goma ba sakayya ba ce. Ƙibar da take hange ruwa ne da kitse, kuma ba mu san abin da ke damun gwiwar mijinta ba. In yana da ciwon sukari ko gyambon ciki, ko wata cuta ce take ramar da shi, ƙwayoyinki za su iya kwantar da shi. Ki ba ta labarin jirinki, za ta fahimta. Sannan ki karɓo masa kati a asibitin unguwa, ki raka su da ƙafarki.

Saura Pak Kasno. Ki gaya masa gaskiya yau, ba gobe ba, domin in wani abu ya faru shi za a tambaya me kike sha. Zai yi faɗa. Ki bar shi ya yi ya gama, sannan ki miƙa masa makullin babur ya kai ki wurin likita.

Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki tsaya a gaban mai hoto da ƙafafunki, kina murmushi da dukkan kumatunki.

Bu Sulastri