Rumbun Hotunan Shagonmu

Zuwa ga maigidana, Baban 'yan biyu,

Gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka. Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana shiga. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau, sai kewa. 'Yan biyu sun ce in gaya maka sun daina faɗa, amma kada ka yarda.

Tun tafiyarka shagon hotonmu bai huta ba. Hotunan mutane sun warwatse a filas-filas, 'yan ƙananan ma'ajiyan nan da ake soka wa kwamfuta, jiya sai da na zazzage jakata kafin in samo na wata amarya. Na ce abin ya isa. Na sa aka jawo tsohuwar kwamfutar nan ta ƙarƙashin bene, aka kakkaɓe ta, aka sa mata sababbin faifan ajiya biyu, don ta zama rumbu ɗaya da duk kwamfutocin shago za su riƙa ajiya a ciki. Saura manhajar da za ta tuƙa ta, ta kyauta kuma nake so, wadda ba ranar da za a ce lasisi ya ƙare.

Nan fa aka yi ta. Ƙaninka Dogo ya kafe a kan irin taka, Linux zalla, baƙin allo sai rubuta umarni, wai ko a kan keke ka ɗora ta za ta tashi. Ƙawata ta gidan jarida kuwa ta kawo wata mai maɓallai, wadda ke adana kamannin rumbun lokaci-lokaci, in an goge abu a koma baya a ɗauko. Aibinta ɗaya, ci gare ta, tana son ƙwaƙwalwa da yawa. Dogo ya ce ta ragwaye ce. Na ce masa ranar da ya tafi kallon ƙwallo, ni raguwar ce za a bari da rumbun.

Zan fara gwada ta ƙawata. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso, na kuma ga ka goyi bayan ɗan'uwanka. Jini ai ba ya ƙarya. To saurara.

Shekaranjiya Baba, mahaifinku, ya leƙo shagon da ya kafa, ya ce zai taya mu aiki. Ya ga hotuna sun yi masa yawa a allo, ya yi musu shara, ya goge su. Cikinsu har da na yaye ɗaliban wata makaranta, ga shugabar makarantar tana hanya. Ga shi kuma hoton yaye ba a sake shi. Baba ya zauna yana jujjuya hularsa, tausayinsa ma ya fi tsoron kama ni.

Na buɗe manhajar, na koma ajiyar safe, na danna. Hotuna suka dawo cif, har da yaron da ya rufe ido. Baba ya sa min albarka sai da na ji kunya. Dogo ya ce tasa ma tana iyawa in an saita ta. Na ce gaskiya ne, Allah ya kawo mai saitawa.

Don haka zaɓi ya ƙare. Sai dai tsohuwar kwamfutar tafiyar hawainiya take yi, dole na nemo mata ƙarin ƙwaƙwalwa, na kuma samu kusa, a ɗakinka. In ka dawo ka kunna kwamfutarka ta yi ƙara ta ƙi tashi, kada ka ɗaga hankalinka. Ba mutuwa ta yi ba, sadaka ta bayar.

Baba yana gaishe ka, Dogo ma, ko da yake a ciki-ciki.

Matarka mai ƙaunarka,
Maman 'yan biyu