Masu hancin Baba

Laraba, ƙarshen Afrilu, bayan isha'i

Yau ma na makara. Kwana huɗu ina sa ido kan wani mangwaro a bishiyar Baba, da la'asar na tsinko wa Inna shi. Fatarsa sumul. Tana yankawa sai ga tsutsotsi suna motsi a ciki.

Na koma gona da haushi, na zauna a gindin bishiyar. A nan na ga mai laifin, wata 'yar macen ƙuda mai ratsin rawaya. Ta sauka kan wani ɗanyen mangwaro, ta ɗan taka, ta tashi. Haka ta yi wa na biyu. A na uku ta tsaya tana zagayawa a hankali. Malamin gona ya taɓa ce mana ƙamshi ke kawo su, da ƙafa kuma suke ɗanɗanawa. Sai ta lanƙwasa, ta huda fatar, ta zuba ƙwanta.

Haka Baba yake yi, Allah ya ji ƙansa. Ya jawo reshe, ya shinshina, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Wannan gobe da asuba, kada su riga mu." Bai taɓa kawo mai tsutsa gida ba.

Da na ba Inna labari, ta yi dariya har da share ido. "Ai hancin babanku gare su. Shi dai ya fi su sammako."

Shekara ashirin ina riƙe masa kwando, ban taɓa tambayarsa abin da yake ji ba. Ga mangwaro guda uku a gabana, duk na shinshina. Ba abin da nake ji sai ƙamshin rigarsa.