Taƙin Mansura

Gummi, 4 ga Oktoba, 2021

Ƙanwata Asma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna Habsu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Tun da aka rufe layukan waya mun koma zamanin takarda, to ki yi haƙuri da rubutuna, da haushi nake yinsa.

Makau direba ya kawo ƙunshin ƙyallayen jiya. Na shimfiɗa su a tabarma don in fara haɗa bargon Inna, sai da na zauna na dafe kai. Mun yi alkawari kowace mace za ta ɗinka gida-gida, kowane gida taƙi guda. To ashe kowa da hannunta ta auna. Naki ƙanana kamar na 'yar tsana, na Safiya da suka zo daga Anka sun fi naki da inci guda, ga wasu guda tara na shuɗiyar atamfa mai zanen zabbi, manya-manya, ban san wace mai dogon hannu ta yi su ba. Babu kusurwa biyu da suka haɗu.

Lokacin da muke Zugu a inuwar Inna na sha gaya muku a sayi tef ɗin awo, kuka yi ta yi mini dariya wai na yi boko. Yanzu da 'yan bindiga suka watsa mu gari uku, ga abin da taƙi ya jawo. Inna ce ta koya mana riƙe allura, ba zan kai mata bargo karkatacce ba. Zan daidaita su duka da tef, in datse abin da ya yi yawa. Ki aiko mini da tsawon gadonta saboda shafi.

Yayarki,
Sahura

Bukkuyum, 7 ga Oktoba, 2021

Yaya Sahura,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana amsawa, sai dai ƙafafun nan da ba su ɗumi ko da rana.

Yaya, don Allah kada ki sa almakashi. Gidajen nan tara na Mansura ne, ɗiyar Inna. Su take ɗinki satin da anka shigo Zugu anka kashe ta, ni na tsince su cikin kwandonta da munka koma ɗaukar kaya. Na gaya ma Makau da baki ya shaida miki nata ne, ashe bai faɗi ba. Laifina ne da ban rubuta ba, hannuna ya ƙi rubuta sunanta ran nan.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba. Idon Inna ya tafi gaba ɗaya tun bayan sallah, da hannu take gani yanzu. Ita ta ce kowa ta auna da taƙinta, don in ta shafa bargon ta san inda kowa take. Kullum sai ta tambaye ni ko an sa na ɗiyarta a tsakiya. Ki cike giɓin da siraran ƙyallaye yadda Inna take yi da, ko ya karkace ba komai.

Gadon kamu huɗu ne. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Asma

Gummi, 21 ga Oktoba, 2021

Asma,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta bakwai ga wata yau ta shigo hannuna, kwana goma sha huɗu. Makau ya ce hanya ta ƙi, sati guda ba mota, da hanyar ta buɗe kuma ya manta da ita a aljihun wata rigar. Shekaranjiya da ya zo karɓar bargon tana can gidansa a rataye. Na wanke shi tas a bakin tasha, yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na rasa abin da zan yi da haƙurin.

Na yanke, Asma. Duka na yanke. Da na ga shiru na ɗauka kin yarda, na mai da kowane gida daidai da naki tunda su ne ƙanana. Na Mansura sai da na cire kusan inci guda ta kowane gefe. Har ina jin daɗi, ina nuna wa matan unguwa yadda layi ya miƙe daga sama har ƙasa.

Ke ma kin ba ni haushi. Magana irin wannan a ba direba da baki? Kuma Inna ta makance wata uku ba wanda ya gaya mini, sai ka ce ba a gabanta na girma ba. Amma na san wadda ta riƙe almakashin. Na ga ƙulli biyu-biyu a kusurwar gidajen nan, irin wanda Mansura kaɗai ke yi, na ɗan ɗaga almakashin, sai na ce kai, aiki na jirana.

In bargon bai kai hannun Inna ba tukuna, ki ɓoye shi. In ya kai, kada ki gaya mata komai.

Sahura

Bukkuyum, 25 ga Oktoba, 2021

Yaya Sahura,

Bayan gaisuwa mai yawa. Bargo ya riga takardarki isowa da kwana uku, kuma a gaban Inna Makau ya sauke shi, ba yadda zan ɓoye.

Aikinki ya yi kyau, wannan ba a musu. Matan gidan da muke zaune sun taru suna yabo, har wata ta ce kamar na kanti. Na shimfiɗa mata shi bisa ƙafafu. Ta fara daga gefe, tana buɗe yatsu tana aunawa gida bayan gida. Ta kai ƙarshen layi ta dawo. Ta yi layi uku hakanan, sannan ta tsallaka tsakiya tana laluben kusurwoyi da farce. Na san ƙullin take nema.

Ta ce, "Asma, ina Safiya?" Na kama hannunta na ɗora kan na Safiya. Ta auna ta ce, "Wanga ba hannun Safiya na ba." Ba ta tambayi na Mansura ba. Ta daɗe tana shafa wuri guda, kuma wallahi bisa zabbin nan hannunta yake, ba ta sani ba.

Daga baya ta ce, "Ki ce ma Sahura an gode, Allah Shi yi albarka. Ɗinki ya yi kyau. Ba kowa ciki dai."

Ta sa na ninke shi na aza bisa akwati. Da tsohon zanenta take rufa har yau, kuma abincin ma sai da lallashi. Ba don in ɓata miki rai na rubuta ba, kin nuna ba ki son a ɓoye miki abu.

Ƙanwarki,
Asma

Gummi, 28 ga Oktoba, 2021

Asma,

Sallama. Ki ba Makau bargon ya dawo mini da shi, ki tsaya a kansa har ya sa a mota.

Kin san ba mu zubar da ƙyalle, Inna ce ta hana mu. Duk abin da na datse yana cikin buhun da nake tarawa don matashin kai. Na juye shi a tabarma, na tsince masu zanen zabbi, talatin da shida ne, talatin da biyar na samu. Ina kan neman ɗayan. Ƙullin yana jikinsu.

Zan warware bargon gaba ɗaya in mayar wa kowa nata, da allura, ba da keke ba. Tabon ɗinkin zai fito, za ta ji shi, ki gaya mata wannan hannuna ne. Aikin sati uku ne in ban tashi ba.

Ki lallashe ta ta ci abinci. Ki ce mata ta jira ni.

Yayarki,
Sahura