Radiyon Katsina a Kamyon Alhaji

Daren Laraba, watan Rajab, Dakoro

Fizibil uku na ƙona yau wajen ɗaura radiyo a kamyon maigidana, Alhaji Mamman. Da na haɗa waya da batir sai ƙauri ya tashi. Alhaji ya ce, "Idi, bari haka nan, kada ka ƙona mini mota ana tsakar kakar gyaɗa. Jibi a kai wa Nasaran gareji a Maraɗi, shi ya yi lakwal, ya yi karatun abin."

Maganar ta ci mini rai. Shekara shida ina tuƙa motar nan, ni ke gyaranta. Na ce, "Alhaji, ba ni zuwa la'asar."

Ko fura ban sha ba ina bin wayoyi, sai na tuna daga Katsina, ƙasar Ingilishi, aka sayo akwatin, kamyon kuwa na Faransi ne. Motocin Ingilishi jan kan batir ake ɗaure wa jikin ƙarfe, na Faransi kuwa baƙin. Na juya wayoyin, na ɗora akwatin bisa katako da tsohuwar roba don kada ya taɓa ƙarfe. Na murɗa, ya ɗan ɗauki zafi, sai ga kiɗan goge na tashi.

Alhaji bai ko ce sannu ba. Ba komai. Jibi zan kai shi Maraɗi, kuma a ƙofar garejin nan zan ƙure murya.