Manhajar Yayana Ta Sa Baba Magana Alhali Bakinsa A Rufe Yake

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, domin abin da ke tsakanina da yayana ya kai ko kiransa na gani a waya sai raina ya ɓaci.

Ni ce ke jinyar mahaifinmu tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, bakinsa kuma ya rufe, sai dai ya yi nuni da ido ko ya bubbuga ƙarfen gado da hannun hagu. Na ajiye aikina na kantin magani na dawo ɗakinsa. Da kaɗaici ya ishe ni sai na buɗe ɗan shafi a intanet ina rubuta abin da nake gani: yadda ake juya majinyaci kada bayansa ya yi gyambo, yadda nake ba shi ruwa da cokali kada ya ƙware, har da ranar da na shige banɗaki na sha kukana na fito. Yadda nake magana haka nake zuba rubutun. Masu karantawa ba su da yawa, amma kusan duk masu jinya ne irina, muna ɗebe wa juna kewa.

Yayana yana aiki a nesa, sai an daɗe yake leƙo mu. Shi ya ce rubutuna cike yake da kurakurai, in riƙa tura masa, yana da manhajar ƙirƙirarriyar basira mai gyara rubutu. Na yarda, har na ba shi lambar sirrin shafin, don sau da yawa hannuna yana cikin kumfar wankin zannuwan gado. Da farko na ji daɗi. Sannu a hankali kuma na daina gane kaina. In na rubuta na gaji, sai in tarar an ce na gaji amma zuciyata cike take da farin ciki. Kowane rubutu sai ya ƙare da darasi kamar wa'azi. Na yi ƙorafi, ya ce ai masu shiga shafin sun ƙaru, kuma gaskiya ne.

Makon jiya na rubuta cewa na gyara wa Baba gemu, ya yi ta kallona har na gama, ban san ko daɗi ya ji ko haushi ba. Abin da ya fito a shafi shi ne wai Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Anti, Baba bai furta kalma ko ɗaya ba tun ranar da ya faɗi.

'Yar gwaggonmu ta karanta wa uwarta. Gwaggo ƙanwar Baba ce, ga ciwon gwiwa, amma washegari ta hau mota ta zo. Ta zauna bakin gado tana kiransa da sunan da take kiransa tun suna yara, tana roƙon ita ma ya ce mata wani abu. Ya yi ta ƙoƙari, leɓensa na rawa, har hawaye suka jiƙa matashi. Ni na tsaya na faɗa mata Baba bai yi wannan maganar ba. Ta tambaye ni me na rasa a duniya da zan yi ƙarya da ciwon ɗan'uwanta. Wata mai jinyar mijinta kuma ta rubuto tana neman sunan maganin da ya buɗe bakin Baba.

Da na kira yayana ya ce shi bai ma karanta ba, cewa ya yi manhajar ta sa rubutun ya taɓa zuciya, ya kwafa ya liƙa. Wai in goge kawai, kowa zai manta. Da na ɗaga murya sai ya ce so nake in nuna ni kaɗai ce 'yar Baba, shi kuwa daga nesa wannan ne kaɗai abin da yake iya yi. In rufe shafin ne in huta? Shi ne fa kaɗai wurin da nake numfasawa.

Mai jinyar Baba

*

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kada ki rufe shafin, kada kuma ki goge a ɓoye. Ki rubuta gyara da hannunki, gajere: abin da ya faru ranar gyaran gemu, da yadda ƙarin ya shigo. Matar da ke neman magani ki ba ta amsa yau, kafin ta fara yawon asibitoci. Gwaggo kuwa ki kai mata rubutunki na asali ta ji, yayanki kuma ya kira ta da bakinsa ya ɗauki nasa laifin.

Manhajar ba ta san Babanku ba. An ce ta taɓa zuciya, ta ƙago abin da zai taɓa. Tana da amfani wajen gyara harafi da waƙafi, in ke kika ba ta umarni kuma kika karanta kowane layi kafin ya fita. Ki sauya lambar sirri, ki gaya wa yayanki kin sauya da dalilinki.

Yayanki ya yi sakaci babba, amma maganarsa ta ƙarshe ki saurare ta. Mutumin da ke nesa da mahaifinsa marar lafiya yana ɗauke da nauyin da ba ya faɗa. Ki ba shi aikin gaske: ya riƙa kira kina kanga wa Baba wayar ya ji muryar ɗansa, in ya samu hutu ya zo ya karɓe ki jinya ki yi barci.

Allah ya ba Baba lafiya, ya daidaita tsakaninku, ke kuma ya saka miki da alheri.