Roba Ruwan Ƙasa

Gwange, Maiduguri

Zuwa ga ɗana Tahir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Khairat. 'Yar'uwarka Siddiƙa lafiya lau, yaranta ma haka. Ni ƙafar nan ce kawai. Ƙaninka Habib ba shi da lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ka san keken kaya na mahautan Kasuwar Shanu, mai injin babur, wanda Habib ke gyara musu. Shi ne ya kama da wuta a hanyar Dusuman, cike da nama. Audu direba ya ƙone daga gwiwa zuwa ƙasa, yana asibiti. Wai baƙin mai ne ya tsiyaye a kan salansa mai zafi, daga bututun da sandunan injin ke hawa da sauka a ciki, daidai inda Habib ya sa zoben robar da ka aiko.

Yayan Audu, Umar Faruk, ya zo garejin Habib da mahauta 'yan uwansa. Ba su tambayi komai ba. Suka kwantar da Habib, suka ɗora hannunsa na dama a kan ƙarfen ɗaga mota, Umar Faruk ya sauke masa guduma. Da na isa, jini ya cika masa baki don ya ciji harshensa, yana ta cewa, "Ya, kar ki duba." Na duba. Yatsun sun juya baya.

Umar Faruk ya ce mini, "Iya, hannun da ya sa robar nan na karya. Idan aka yanke ƙafar Audu, zan dawo in ɗauki ɗayan."

Na tambayi Habib. Ya ce roba iri biyu ce: akwai mai jure zafi da mai, akwai ta famfo da take narkewa kamar alewa. Ya ce ya ga taka baƙa ce, amma ya san masu jure wuta ma akwai baƙaƙe, kuma yayansa ba zai aiko masa da ta banza ba. Tahir, wace iri ka saya? Ka ba direban Tashar Kano amsa.

Uwarka,
Ya Kellu

*

Kofar Ruwa, Kano

Zuwa ga mahaifiyata,

Ya, ina gaishe ki. Na karanta takardarki a tsaye, na yi ta buga teburin shago da hannu har Khairat ta zo ta riƙe ni.

Abin da kika rubuto shi na saya. Kin rubuta, "Habib yana son roba ruwan ƙasa." Ni kayan rijiyar burtsatse nake sayarwa. Ruwan ƙasa a wajena shi ne ruwan da ake haƙowa. Na zaɓo masa mafi kyau a robar famfo, na ɗauka aikin injin ban ruwa ya samu. Sai yau na kai wa wani bakanike waccan takardar taki, ya nuna mini da yatsa cewa kala ake nufi, mai launin ƙasa, wadda ake sa wa inji. Da kunnena yana ji, da Habib ya kira ni a waya, da magana ɗaya ta ƙare.

Amma wannan bai ba ɗan mahauta ikon taɓa ƙanina ba. Tun ranar da bom ɗin kasuwa ya tafi da kunnuwana ban ƙara jin tsoron kowa ba. Ba zan ji ihunsa ba, Ya, saboda haka ba abin da zai tsayar da ni. Na wasa adda. Zan hau motar Juma'a. Ki gaya masa ya ƙirga yatsunsa, ya yi musu sallama.

Kar ki ce in yi haƙuri. Ki shafa mini kan Habib.

Ɗanki,
Tahir

*

Gwange, Maiduguri

Tahir,

Muna lafiya, sai Habib da ba ya barci. An yanke ƙafar Audu ta hagu jiya.

Don kai na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, don in riƙa yi maka magana ka ji. Habib ya ce mini "mai kalar ruwan ƙasa". Kalmar kala ce na tsallake, don hannuna ya gaji.

Ban jira Umar Faruk ya zo ba. Da safe na je rumfarsa, gaban Sarkin Pawa da kowa. Na ture naman da ke kan gungumen sara, na ɗora hannuna na dama a cikin jinin. Na ce, "Ka ce hannun da ya jawo wannan kake nema. Ga shi. Shi ya rubuta. Habib bai yi kuskure ba, Tahir bai yi ba."

Ya ce, "Iya, ɗauke hannunki."

Na ce, "Ba ka rantse ba? Cika."

Ya ɗaga barandami. Ban rufe ido ba. Ya sauke shi da dukan ƙarfinsa, ya nutse a gungumen dab da ɗan yatsana, tsinin itace ya tsaga mini fata. Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rigarsa mai jini. Sarkin Pawa ya ce magana ta mutu a nan, duk wanda ya ƙara taɓa gidana da shi yake yi.

Yanzu saura kai. Idan ka sauka a garin nan da adda, zan koma kan gungumen nan in ɗora hannun, wannan karon kai zan miƙa wa barandamin. Ka zo hannu sake, ka je ka duba Audu, ka kama wa Habib garejin. Ka taho da robar, mai KALAR ruwan ƙasa. Na rubuta da manyan baƙaƙe.

Ka yafe tabon da ke kan takardar, yatsan ne bai daina jini ba. Ina son amsarka a hannuna kafin Alhamis.

Uwarka,
Ya Kellu